Auta, Riƙe Riyal Ɗinka, Ba Injin Feshi Ake Fara Saya Ba

Auta,

Saƙonka ya shigo ina hanyar dawowa daga isha'i. Ka ce ka tara riyal 300, ka sayi kwalin ɗan jirgin yaƙi na roba, Spitfire na kamfanin Airfix, mai ma'aunin 1/72, kana so ka haɗa shi da hannunka a gida. Ka kuma ce ka ga injin feshin fenti da ɗan kwamfuresansa a kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh, mai shi ya yi maka ragi har kuɗin ya zo daidai da abin da ke aljihunka. Sannan ka rufe da cewa, "Maigida, in ɗauka? In kuwa ba shi ba, da me ake farawa?"

Kar ka ɗauka. Na zauna rubuta maka yanzu ne don na san halinka. In na bari sai gobe, kafin in ɗaga ƙofar shago ka riga ka hau mota ka nufi kudancin Jidda.

Wata 8 ke nan kana wurina, kuma duk aikin da ka taɓa na maket ne, wato ƙaramin samfurin gini, 1/100 ko 1/200. Injin leza ya yanka, kai ka jera bango ka manna. Kwalin da ka saya wata duniya ce daban, ko da yake lissafin ɗaya ne. Ma'anar 1/72 ita ce kowane santimita 1 a hannunka yana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin gaske. Faɗin fukafukan Spitfire ya ɗan haura mita 11, naka zai zo kusan santimita 15 da rabi, bai kai taƙi ɗaya ba. To juya lissafin. In ka bar tsagar rabin milimita inda fiffike ya haɗu da jiki, a jirgin gaske ka bar ramin santimita 3 da rabi, wanda yatsu biyu za su shige. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan rabin milimitar kuwa ba a wurin fenti ake samun ta ba. A wurin yanka ake samun ta, da goga, da manni. Fenti ba ya rufa wa aiki asiri, tonawa yake yi. Shi ya sa kuɗinka na farko zai tafi ne kan abin da zai taɓa kowane sashe kafin a kai ga launi.

Buɗe kwalin ka duba. Sassan suna maƙale jikin sandunan roba kamar 'ya'yan itace a reshe. Ta cikin waɗannan sanduna narkakkiyar roba ta bi ta cika mazubi a masana'anta, kuma ɗan wurin da sashe ya haɗu da reshensa mu a shago cibiya muke ce masa. Yaro in ya samu kwalinsa na farko, murɗe sassan yake yi da yatsa har su ɓalle. Robar nan ba ta yafe wannan. Tana tsinkewa ne da ɗan nama daga jikin sashen, ta bar rami da farin tabo, ka wuni kana ciko.

Saboda haka abu na farko filayar yanka ce, wadda Larabawan nan ke kira gaɗɗa'a. Amma ba irin ta masu wayar wuta ba. Waccan bakinta kauri gare shi, kuma an wasa shi ta fuska biyu, matse roba take yi har ta fashe. Wadda kake nema ƙarama ce, bayanta a shafe yake sumul, ta ciki kaɗai aka wasa. In ka ɗauke ta a shago, rufe bakinta ka ɗaga ta saitin fitila. In haske ya ratso tsakanin haƙoran, ajiye ta ko nawa ce. A nan kaɗai na yarda ka saki hannu, ko da za ta cinye kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Araha ba ta ado. Ta Tamiya ta isa, za ta yi maka shekaru. Akwai wasu na Japan masu kaifi ɗaya, irin su GodHand, suna yanka roba kamar man shanu, amma bakinsu siriri ne ƙwarai, in ka cije reshe mai kauri da su sai ya ɓantare. Ba na mai koyo ba ne. Ni kaina sai da na yi shekaru ina aikin kafin na riƙe irinta.

Yanka biyu ake yi. Na farko nesa da sashen, ka bar masa cibiya kamar milimita 2. In ya rabu da reshe ya zo hannunka, sai ka kwantar da shafaffen bayan filayar a jikinsa ka rage sauran. Kuma filayar nan ta roba ce kaɗai. Ranar da ka yanka waya ko ƙusa da ita, ranar ta zama ta ƙannenka. Ka ɓoye ta, don na san gidanku, kowa na neman abin yanke farce.

Sai wuƙa. Kar ka ce ai akwai Olfa a shago. Waccan mai bakin da ake karyawa gaɓa-gaɓa ta kwali ce da allon soso, tana da kyau a inda aka yi ta dominsa, amma bakinta na rawa, ba ya shiga lungu. Nemi mariƙi mai kamar biro wanda ake sauya wa baki, da baki mai lamba 11, shi ne mai tsini kamar mashi. A kantin kayan makaranta irin Jarir za ka samu, sashen kayan zane, ka ce mishraɗ. Mariƙin kowane iri ne ya yi, muddin yana damƙe baki da kyau. Bakunan za ka saya da yawa.

Marigayi mahaifina wanzami ne, a Makka ya yi sana'arsa, yana aske alhazai in sun gama sa'ayi sun fito ta Marwa. Ina yaro nakan ga ya tsaya tsakiyar cunkoso, mutane na jira, ya goga askarsa a fata kafin ya taɓa kan na gaba. Na taɓa ce masa, "Baba, ai tana ci." Ya ce dasasshiyar aska ce ke yanka mutum, don ita ake dannawa. Ban gane ba sai da na ga jinina a kan teburin aiki. Ina rowar baki ɗaya da ya riga ya dakushe, na danna, ya zame daga roba ya shige babban yatsana na hagu. Tabon da kake gani ke nan. In ka ji kana sa ƙarfi, sauya baki. Ka yanka kana nesanta kaifin da jikinka. In wuƙa ta gangaro daga tebur, janye ƙafarka ka bar ta ta faɗi, kar ka tare. Mariƙin zagayayye ne, gangarawa yake, sai ka naɗa masa ɗan salatif ka bar kunne don ya tsaya wuri ɗaya.

Aikin wuƙar ma yawancinsa kankara ne, ba yanka ba. Kowane sashe na da siririn layi inda fuskoki biyu na mazubi suka haɗu. Ka tsayar da bakin a miƙe kan layin ka ja a hankali, roba ta riƙa fita kamar gari. Duba ƙafafun tayar jirgin da farfela, nan layin ya fi ɓuya, nan kuma yake fara bayyana da zarar fenti ya hau.

Samfefa ba sai ka kashe kuɗi sosai ba. Je wurin masu sayar da fentin mota ka karɓi ta ruwa, falle ɗaya-ɗaya, lamba 400 da 600 da 1000. Lamba in ta ƙaru laushi ke ƙaruwa. Falle ɗaya zai kai ka shekara. Ka yayyanka ƙanana, ka manna wasu a jikin sandar askirim, ka samu magagari mai shafaffen ciki. Da yatsa kaɗai in ka goga, gefen da ya kamata ya tsaya da kaifi sai ya zama gwiwa. Ka riƙa tsoma ta a ruwa, ba ta toshewa, ƙura kuma ba ta tashi. Kuma kar ka ji kunya, shiga shagon kayan araha na Abu Riyalain ka ɗauki sandar goge farce ta mata, mai fuska huɗu. Ta fi wasu masu tambarin kamfani aiki. Ni Hajiya ce ke sayo min, har ta daina tambaya. Abin lura ɗaya: jikin jirgin na da zanen layuka da ke nuna mahaɗar ƙarafa. In ka zafafa guga sai ka shafe su, jirgi ya koma kamar sabulu.

Yanzu gam, kuma a nan nake so ka nutsu, don nan ne mafi yawan masu farawa ke ɓata kwalinsu.

Robar kwalin nan sunanta folistarin. Gam ɗinta na asali ba manne abu yake yi kamar yadda ka saba ba. Narkar da fuskokin biyu yake, su cuɗe, in ya bushe sun zama jiki ɗaya, kamar walda. In ka fahimci wannan, sauran duk za ka gane da kanka. Za ka gane dalilin da ya sa ba ya kama wurin da aka yi wa fenti sai an kankare. Za ka gane dalilin da ya sa ba ya riƙe ƙarfe ko katako. Za ka kuma gane abin da zai faru in ya taɓa yatsarka ka dafa fiffike: zanen yatsarka zai zauna a jikin jirgin har abada, kamar ka je jawazat, ofishin fasfo, an ɗauki zanen yatsarka.

In kwalinka irin na masu farawa ne, za ka tarar da ɗan gam na matsawa a ciki. Ajiye shi gefe. Kauri gare shi, yana fita fiye da yadda ake so, yana jan zare kamar kuɓewa. Sayi mai ruwa-ruwa, Tamiya Extra Thin, kwalba mai kusurwa huɗu da koren murfi, burushinsa na jikin murfin. Yadda ake aiki da shi ya saɓa wa hankalin farko. Ba shafawa ake yi sannan a haɗa ba. Haɗa sassan biyu a bushe, ka riƙe, sannan ka ɗan taɓa bakin burushin a mahaɗar. Da kansa zai bi tsagar ya zagaye, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Ka ƙirga ashirin, ka ɗan matsa. Za ka ga narkakkiyar roba ta ɗan bullo a kan layin. Kar ka taɓa ta. Bar ta ta kwana, gobe ka kankare, mahaɗar ta ɓace ba tare da ka sa fila, abin cike tsaga, ba. Yatsunka dai su yi nesa da layin, don gam ɗin na bin ƙarƙashin yatsa kamar yadda yake bin tsaga. In ba ka samu wannan ba, Revell na da Contacta mai bakin allura, shi ma ya yi, sai dai allurar na toshewa, ka tanadi siririyar waya.

Kafin kowane gam, gwada haɗin a bushe. Sau biyu, sau uku. In bai zauna ba, akwai abin da ya tokare, nemo shi. Gam ba ya gyara haɗin da bai zauna ba.

Sufa gulu kuma, wanda kake gani muna zuba wa maket ba lissafi, a nan ka yi hattara da shi. Danshin iska ne ke sa shi kamawa, kuma ka san Jidda, rigarka ma ba ta bushewa. Kafin ka daidaita sashe ya riga ya kama a karkace. Sannan tururinsa na sauka fari fat a kan duk abin da ke da maiƙon hannu, har masu binciken laifi na amfani da shi wajen fito da zanen yatsa. Jirgina na farko da shi na manna rumfar gilashin matuƙi. Na kwanta ina murna, na tashi na tarar da ita kamar idon da yana ta rufe. Rumfar gilashi farin gam na kafinta ake sa mata, ɗan kaɗan a bakin tsinken sakace. Yana bushewa garau, in ya yi yawa ka share da jiƙaƙƙiyar auduga. Wannan ba sai ka saya ba, ɗebi a shago cikin murfin kwalba. Robar gilashin kuma ta fi sauran gautsi, tsagewa take, ka yanke ta nesa da cibiya ka ƙarasa da samfefa. Ɗan mutum-mutumin matuƙin da ke ciki, ni ba na sa shi, kujerar nake bari haka nan. Kai kuma wannan tsakaninka da malaminka.

Sauran tarkacen ba su kai a zauna dogon zance ba. Matsefata ɗaya mai tsinin baki, wadda bakinta ke haɗuwa daidai. Kar ka matse da ƙarfi, ƙaramin sashe in ya yi tsalle ya faɗa kafet, sai dai ka yi masa addu'a. Shimfiɗa farin ƙyalle a cinyarka. Maƙalan shanya da robar ɗaure kuɗi su ne masu riƙe maka jiki da fiffike har su bushe. Tsinken sakace, audugar kunne, tsohon faranti. Salatif mai ruwan ɗorawa na Tamiya, mai faɗin milimita 10, naɗi ɗaya, don shi ba ya ɗago fenti in an ɓare. Tabarmar yanka akwai tsohuwa a bayan injin leza, ɗauki, na ba ka. Fitila kuwa kar ka raina ta. Hasken silin na ɗakinku inuwar kanka yake jefawa kan aikin. Samu 'yar fitilar tebur mai farin haske ka ajiye ta hagunka, tunda da dama kake aiki.

To ga maganar fenti, wadda ita ce ta kai ka Haraj tun farko. Na san abin da ka gani: bidiyon mutanen da ke fesa jirgi ya fito sumul. Abin da ba su nuna maka ba shi ne rabin lokacinsu a wanke injin yake tafiya. Bakinsa bai kai rabin milimita ba, allurarsa in ta ɗan lanƙwashe shi ke nan, kuma na Haraj ba ka san hannu nawa ya bi ba. Ga danshi. Kwamfuresa in ta matse iskar Jidda ruwa take tarawa, in babu matarin ruwa a jikinta, sai ta tofa maka shi tsakiyar aiki. Ya faru da ni a kan maket ɗin wani ofishin dillancin gidaje, daren da za a kai shi. Farin bango ya yi ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda, na kwana ina gogewa. Ga kuma ɗakinku, taga a rufe, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na juya iska ɗaya, ku huɗu kuna shaƙa. Feshi na son wurin da iska ke fita da abin rufe hanci na gaske. Duk wannan kafin ka iya haɗa jiki biyu ba tsaga.

Jirgi mai santimita 15 burushi ya ishe shi. Sayi biyu: shafaffe mai faɗin kamar rabin santimita, da mai tsini lamba 0. Fenti ka ɗauki na ruwa, akirilik, irin Vallejo na Sifen, ya fi bin burushi, kuma da ruwa ake wanke shi. Na Tamiya mai kyau ne amma ya fi son feshi, a burushi yana saurin bushewa ya riƙa ɗago na ƙasa. Na mai, irin 'yan gwangwanayen Humbrol, yana kwanciya lumui, sai dai yana ɗaukar sa'o'i kafin ya bushe, ga wari, ga neman tina. Kar ka sayi launi ashirin. Takardar cikin kwalin ta faɗi waɗanda ake buƙata, in na farkon Yaƙin Duniya na Biyu ne za ka ga kore da ruwan ƙasa a sama, mai haske a ƙarƙashi, sai baƙi da ruwan azurfa na ƙananan wurare. Wanke sassan da sabulun kwanuka kafin ka fara, don maiƙo na hana fenti zama. Ka tsinka fentin ya yi kamar madara. Shafin farko zai fito da muni, roba na leƙowa, za ka ji kamar ka ƙara kauri. Kar ka ƙara. Bari ya bushe, ka sake, ka sake. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke cike layukan da ka sha wahalar karewa. Kuma kar ka zauna saitin mukayyif, yana busar da fenti a bakin burushi.

Tambarin jirgin, waɗancan zagayayyun masu shuɗi da ja, sitika ce ta ruwa. Almakashi ƙarami da kofin ruwa mai ɗumi kawai take so. Ka tsoma kaɗan, ka ajiye, in ta fara zamewa ka tura ta wurinta da jiƙaƙƙen burushi. In mun kai nan zan nuna maka da hannu.

Fila, ɗan abin huda, zarto mai siririn baki, gilashin ƙara girma, duk suna da ranarsu. Ranar ita ce ranar da aiki ya tsaya cak saboda babu su. Akwatina da kake sha'awa haka ya taru, ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka lura abin da hannuna ke komawa kansa kullum bai wuce biyar ba. Akwai wani saitin magagari goma sha biyu da na saya tun ina saurayi don kyan akwatinsa, har yau biyu kaɗai suka taɓa roba.

In ka bi wannan, za ka ga canji ya rage a cikin 300 ɗin. Kar ka ƙara kayan aiki da shi. Sayi kwali na biyu, mai sauƙi, ko wani jirgin 1/72 ko mota 1/24, don na farkon nan zai fito da tabo ko me na faɗa maka, kuma hannu a na biyu yake fara ganewa. Ka bar tankokin 1/35 masu ɗaruruwan sassa da jiragen ruwa 1/700 tukuna.

Wani abu kuma da na kusa mantawa. Kwali ko jirgin da ka gama, kar ka bar shi cikin mota da rana, ko na sa'a ɗaya. Na taɓa ajiye wani a gaban mota na shiga sallar Juma'a a Balad, tsohon garin Jidda, na fito na tarar fukafukansa sun sunkuya kamar kazar da ruwa ya doka. Kwalbar gam ma haka, rufe ta da zarar ka ɗiba, in ba haka ba zafin nan zai shanye maka ita kafin wata.

Ranar Alhamis bayan la'asar za mu rufe da wuri. Zo da kwalin yadda yake, kar ka ɓalle ko sashe ɗaya. Za mu je tare ka zaɓi filayar da idonka, ni ina gefe ba zan ce komai ba sai ka ɗaga ta saitin fitila. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina neman aron tsohon farin zanen gado guda, na cinyarka.